Yadda ake sa ido kan RAM yayin aiki da mataimakan AI masu rubuta manhaja

Yawancin kwamfutocin da ɗalibai ke rataye da su a Yelwa da Gubi da Gwallameji na hannu ne: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Galibinsu RAM ɗinsu, wato wurin da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kai yanzu, gigabayit 8 ne, wasu ma 4. A da hakan ya wadatar da mai koyon HTML da Python. Yanzu da kowa ya ɗora GitHub Copilot ko Cursor ko Claude Code a kai, kukan ya zama iri ɗaya a Bauchi: fanka na ta gurnani, linzami ya ƙi motsi, ka danna harafi sai ka jira kafin ya fito. Nan take sai a yanke hukunci cewa AI ɗin ne ya cinye RAM. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa ba shi ba ne, abubuwan da ya kunna ya bari a kunne ne, ko Chrome da ke gefe, ko ma zafin gari. Awo ne kaɗai zai raba gardama, kuma kayan awon suna cikin kwamfutarka tun ranar da ka saye ta.

Fara sanin wane irin mataimaki kake da shi

Iri biyu ne, kuma cin RAM ɗinsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Copilot da Cursor da Claude Code ba a kwamfutarka suke yin tunaninsu ba. Modal ɗin, wato ainihin ƙirƙirarriyar basirar, yana zaune a manyan sabobin kamfani, ana aika masa tambaya ta intanet ya turo amsa. Abin da ke kwamfutarka shi ne edita, wato manhajar da kake rubuta kod a ciki, da ƙarin manhajar da ke haɗa ku, da duk wani umarni da mataimakin ya gudanar a madadinka. Iri na biyu shi ne wanda kake sauke modal ɗin kansa ta Ollama ko LM Studio, ya zauna cikin RAM ɗinka ɗungurungum. Masu gudun cin data da masu fama da raunin sabis sun fi karkata ga wannan, kuma shi ne ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a kawar tun yanzu. Idan mataimaki na intanet ya ce hirarku ta cika, ko ya fara manta abin da kuka tattauna, wannan iyakar modal ɗin ce a can saba. Ƙara RAM ba zai gyara shi ba. Sabuwar hira za ka buɗe, ko a Claude Code ka rubuta /compact ko /clear.

RAM kamar teburin tela yake. Yadin da ake yanka yanzu yana kan tebur, sauran suna cikin sif. Idan tebur ya cika, tela ba ya daina aiki, sai dai kowane yanka sai ya ɗauke wani yadi ya kai sif ya ɗauko wani. Kwamfuta ma haka take yi: in RAM ya cika sai ta riƙa tura wani ɓangare zuwa faifan ajiya, abin da Windows ke kira pagefile, Linux da Mac kuma swap. Wannan kai-komon shi ne nauyin da kake ji, kuma shi za mu farauta.

Mataki na farko: auna kafin ka buɗe komai

Wanda bai san yadda kwamfutarsa take a natse ba, ba zai gane lokacin da ta ɗau nauyi ba. Sake kunna ta da Restart, ba Shut down ba, domin a Windows 10 da 11 Shut down yakan adana wani ɓangaren tsarin ya dawo da shi. Bayan ta tashi ka ba ta minti biyu ko uku ta gama kintsawa. Sai ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager ya buɗe. Shiga Performance, ka zaɓi Memory.

Ɗauki biro da takarda, ka rubuta lambobi uku: In use, Available, da Committed. Kada ka yi mamaki idan Windows 11 ita kaɗai, ba ka buɗe komai ba, ta riƙe gigabayit uku ko fiye a cikin takwas ɗinka. A ƙasan shafin za ka ga Hardware reserved, wato abin da aka yanke wa na'urar hoto da sauransu, shi ya sa takwas ɗin ke nunawa 7.8 ko 7.9.

Yanzu ka riƙa ƙara kaya ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta Available bayan kowanne. Buɗe birauza da shafukan da ka saba aiki da su. Rubuta. Buɗe edita ba tare da folda ba. Rubuta. Buɗe foldar aikinka, ka jira minti ɗaya, domin a nan ne edita ke bin fayiloli yana haddace su. Rubuta. Sai a ƙarshe ka kira mataimakin ka ba shi ɗan aiki. Tazarar da ke tsakanin kowace lamba da ta bayanta ita ce kuɗin wannan abin a RAM. Wannan aikin minti goma ne, kuma mutane da dama a nan suke gano cewa birauza ta riga ta kwashe rabonta da na wasu tun kafin AI ya ce uffan.

Mataki na biyu: koyi karanta lambobin

A nan aka fi yin kuskure, don haka zan ɗan daɗe. Mutum zai ga kashi 85 cikin ɗari a saman Task Manager hankalinsa ya tashi. Wannan kason shi kaɗai ba ya nuna matsala. Tsarin kwamfuta ba ya son barin RAM a banza, yakan cika wurin da fayilolin da yake zaton za ka nema, abin da ake rubutawa Cached, kuma yana sakinsu nan take idan wata manhaja ta buƙaci wurin.

Available ita ce lambar farko da za ka riƙa kallo: abin da za a iya ba sabuwar manhaja yanzu ba tare da an taɓa faifai ba. A kwamfuta mai gigabayit 8, ni dai ina ɗaukar ƙasa da gigabayit ɗaya a matsayin gargaɗi, ƙasa da megabayit 500 kuwa lokacin rufe wani abu ne.

Committed ta fi ta muhimmanci, ko da yake ba a cika kula ta ba. Lambobi biyu ne, misali 9.6/13.5 GB. Ta hagu ita ce jimillar abin da manhajoji suka nema aka yi musu alkawari. Ta dama ita ce iyakar alkawarin, wato RAM haɗe da pagefile. Idan ta hagu ta zarce girman RAM ɗinka da yawa, kamar 12 a kwamfuta mai 8, to aikin da kake yi ya fi ƙarfin RAM ɗin. Idan kuma ta hagu ta kusa cimma ta dama, manhajoji sun kusa fara mutuwa: Chrome ya nuna shafin kuskure, edita ya ce tagarsa ta rufe ba zato.

Shaida ta uku tana cikin Resource Monitor. Danna maɓallin Windows da R, ka rubuta resmon, ka shiga Memory. Nemi Hard Faults/sec. Sunan na da ban tsoro amma ba lalacewa yake nufi ba, ƙidaya ce ta yawan lokutan da kwamfuta ta nemi abu a RAM ba ta samu ba sai da ta je faifai. Ya yi tsalle lokacin buɗe manhaja ya sauka, wannan daidai ne. Ya tsaya a sama yana ta bugawa alhali kana rubutu kawai, ga kuma Disk a Task Manager ya maƙale a kashi 100, to ka kama ƙarancin RAM dumu-dumu. Mai tsohon faifai mai juyawa zai ji wannan a jikinsa fiye da mai SSD, wato faifan zamani marar juyawa, domin tazarar saurinsu ba kaɗan ba ce.

Kada ka kashe pagefile. Akwai bidiyoyin da ke ba da wannan shawara da sunan ƙara sauri, amma abin da take jawowa shi ne iyakar Committed ta faɗo, manhajoji su riƙa mutuwa da wuri. Bar Windows ta sarrafa girmansa, ka kuma tabbata akwai fili a faifan C. Manhajojin da ake tallatawa da sunan wanke RAM su ma ba su da amfani: suna tura kaya faifai ne lambar ta yi kyau a ido, daga baya a sake kwaso su.

Mataki na uku: bar rajista tana gudana

Matsalar kallon Task Manager ita ce lokacin da kwamfuta ta sandare ba ya buɗuwa, lokacin da ta sake kuma shaidar ta gudu. Maganin shi ne a sa kwamfutar ta riƙa rubuta lambobin da kanta. Buɗe PowerShell ka rubuta:

typeperf "\Memory\Available MBytes" "\Memory\Committed Bytes" -si 15 -o ram.csv

Kowane daƙiƙa 15 za ta rubuta layi ɗaya. Ka bar tagar a buɗe, ka yi aikinka na awa ɗaya ko biyu yadda ka saba, kana lura da agogo duk lokacin da ka ba mataimakin babban aiki. In ka gama sai ka danna Ctrl da C, ka buɗe fayil ɗin a Excel, ka zana layi da lambobin.

Siffar layin ce za ta yi magana. Available ta faɗi lokacin da ake gina manhaja ko gwaji, ta dawo inda take bayan an gama: lafiya lau, aiki ne mai nauyi kawai. Tana sauka mataki-mataki, kowane aiki ya ci nasa bai dawo da shi ba: akwai abubuwan da ake kunnawa ba a kashewa. Tana zurarewa a hankali ko da ba ka taɓa komai ba: wata manhaja na yoyo, tana karɓar RAM ba ta saki.

In kwamfutar ta riga ta yi hangin ba ka kunna rajista ba, akwai sauran dama. Buɗe Event Viewer, shiga Windows Logs, sai System, ka nemi lamba 2004 daga Resource-Exhaustion-Detector. Windows na rubuta wannan idan iyakar alkawari ta kusa cika, tare da sunayen manhajojin da suka fi ci a lokacin.

Mataki na huɗu: kama mai laifin da sunansa

VS Code an gina shi ne kan Electron, wato haɗin Chromium da Node.js, Cursor kuma reshensa ne. Shi ya sa a Task Manager za ka ga sunan edita ya maimaita kansa sau goma ko fiye, ba ka san wanne ne wanne ba. Editan na da nasa madubin: shiga Help, ka zaɓi Open Process Explorer. A nan kowane aiki na da suna. Wanda aka rubuta extension host shi ne gidan da ƙarin manhajoji ke zaune, Copilot ma a ciki yake. Za ka ga tsserver idan kana rubuta JavaScript ko TypeScript, ko Pylance idan Python ne. Waɗannan su ne masu fahimtar kod ɗinka su ja jan layi ƙarƙashin kuskure, kuma a babban aiki tsserver shi kaɗai na iya haura gigabayit ɗaya. Babu ruwansa da AI.

Idan extension host ne ya kumbura, gwaji mafi sauƙi shi ne ka rufe edita ka buɗe shi daga taminal, wato tagar rubuta umarni, da wannan:

code --disable-extensions

Lambar ta sauka sosai? To ɗaya daga cikin ƙarin manhajojinka ne. Danna Ctrl da Shift da P ka nemi Start Extension Bisect, zai riƙa kashe rabi yana tambayarka ko matsalar na nan, har a rage saura ɗaya. Wani abin da na lura da shi a wurin masu koyo: mutum ya ɗora mataimaka uku a edita guda don wani ya ce wannan ya fi wancan, dukkansu kuma suna bin foldarsa suna haddacewa a lokaci ɗaya. Zaɓi ɗaya, ka kashe sauran.

Babban abin da ya bambanta mataimakan yanzu da na da shi ne suna gudanar da umarni da kansu. Ka ce ya gyara shafin shiga, sai ya kunna sabar gwaji don ya duba aikinsa. Ka ba shi wani gyaran, ya sake kunna wata bai kashe ta farko ba. Akwai alamar da ke tona wannan asiri cikin sauƙi. Vite, ɗaya daga cikin masu kunna sabar gwaji, na farawa ne a ƙofa (port) mai lamba 5173, in ya tarar da ita a kame sai ya matsa 5174. Next.js na farawa a 3000 ya matsa 3001. Don haka duk ranar da ka ga aikinka ya buɗe a 5176, to wataƙila akwai tsofaffin sabobi uku da ke raye a ɓoye, kowacce da kasonta na RAM.

Don ganinsu, shiga Details a Task Manager, danna dama a kan layin sunayen ginshiƙai, zaɓi Select columns, ka ƙara Command line da Commit size. Yanzu kowane node.exe zai nuna umarnin da ya haife shi. Ko ka tambayi ƙofar kai tsaye:

netstat -ano | findstr :5173

Lambar ƙarshe a layin ita ce PID, wato lambar shaidar aikin da ya kame ƙofar. Kashe shi da taskkill /PID lambar /F. Amma ka karanta Command line ɗin kafin ka kashe, domin wasu node.exe ɗin na mataimakin ne kansa, ko na sabobin MCP, masu sada shi da wasu kayan aiki, da ka haɗa masa, waɗanda kowaccensu aiki ne mai zaman kansa.

Gwaje-gwaje ma na da nasu. Jest, manhajar gwajin kod, yakan raba aiki ga ma'aikata da yawa gwargwadon ƙwayoyin CPU ɗinka, kowane ma'aikaci kuma Node ne cikakke. Playwright, mai gwada shafukan intanet, na buɗe birauza sukutum a ɓoye. Masu Flutter da Android su lura da java.exe: Gradle na barin wani aiki a raye har awa uku bayan an gama gini, sai ka kore shi da gradlew --stop. Mai Docker ya rubuta docker stats ya ga cin kowane akwati.

Sai WSL, wanda yawancin masu bin darussan intanet ke ɗorawa don samun Ubuntu cikin Windows. A Task Manager yana fitowa da sunan VmmemWSL ko Vmmem, kuma in ba ka hana shi ba an yarje masa ya kai rabin RAM ɗinka. Ƙirƙiri fayil mai suna .wslconfig a foldarka ta gida, wato C:\Users\sunanka, ka rubuta:

[wsl2]
memory=3GB
swap=4GB

Sai ka gudanar da wsl --shutdown ka sake buɗewa. Uku ɗin nan ga mai gigabayit 8 ne, mai 16 zai iya ba shi shida ko takwas. In ka matse shi da yawa ayyukan ciki za su riƙa mutuwa, sai ka ɗan sassauta.

Chrome ma na da nasa Task Manager, Shift da Esc ke buɗe shi, ya nuna cin kowane shafi. WhatsApp Web da YouTube da shafin hira da AI da aka daɗe ana zubawa a ciki su ne suka saba zama a sama. Kunna Memory Saver a Settings, ƙarƙashin Performance.

Masu Linux da masu Mac

A Linux umarnin farko shi ne free -h. Ka yi watsi da ginshiƙin free, ka kalli available, dalili ɗaya ne da na Windows. Don kallo kai tsaye, watch -n 2 free -h. Don ganin kai-komo da faifai, vmstat 2, ka sa ido kan si da so: in suna ta nuna lambobi ba sifili ba, ana fama da swap. A htop, mai kama da Task Manager a taminal, danna Shift da M ya jera ayyuka bisa cin RAM, F5 kuma ya nuna wane aiki ne ya haifi wanne, abin da ke saurin nuna 'ya'yan da mataimaki ya bari. Ginshiƙin RES za ka karanta. VIRT na iya nuna gigabayit goma-goma ga manhajar Electron, ba ainihin abin da ta riƙe ba ne.

Linux ba ta da haƙurin Windows. In RAM da swap suka ƙare sai ta zaɓi wani aiki ta kashe shi, ka ga kalmar Killed kawai a taminal, ko lambar fita 137. Tabbatar da haka da sudo dmesg | grep -i "killed process". Mataimaki kan ga wannan ya zaci kuskure ne a kod, ya shiga gyara abin da lafiyarsa ƙalau. Ka gaya masa RAM ne ya ƙare.

A Mac, buɗe Activity Monitor ka shiga Memory. Zanen Memory Pressure da ke ƙasa ya wadatar: kore lafiya, rawaya an fara matsuwa, ja an ƙure. Duba Swap Used a gefensa. Mai shirin sayen MacBook na hannu ya sani cewa daga M1 na 2020 zuwa sama ba a ƙara musu RAM, abin da ka saya da shi za ka zauna.

Idan modal ɗin a kwamfutarka yake

A nan lissafi ake yi kafin a sauke, ba bayan an ƙona data ba. Lambar da ke jikin sunan modal, kamar 7B, tana nufin ma'aunai biliyan 7. A cikakken girmansu kowanne na cin bayit biyu, wato kusan gigabayit 14. Ana matse su zuwa bit huɗu-huɗu, shi ya sa qwen2.5-coder mai 7B ke zuwa a kusan gigabayit 4.7 a Ollama. Wannan duka sai ya shiga RAM, a ƙara da wurin riƙe hirar, wanda ke girma gwargwadon tsawon abin da ka yarje masa ya karanta a lokaci ɗaya. Ƙa'idar da Ollama ta bayar ita ce aƙalla gigabayit 8 ga modal mai 7B, 16 ga mai 13B, 32 ga mai 33B.

Kalmar aƙalla ɗin nan ce ke yaudarar mutane. Koma kan takardarka ta matakin farko. In Windows ta ɗauki uku, modal ya ɗauki biyar, ina edita da birauza za su zauna? Zai buɗe, amma amsa za ta riƙa fitowa kalma ɗaya-ɗaya. A gigabayit 8 ka tsaya kan mai 1.5B, wanda bai kai gigabayit ɗaya da rabi ba, ko mai 3B da ke kusan biyu. Sun isa cike layin kod, ba su isa a ba su babban aiki ba, gara a faɗi gaskiya.

Umarnin sa ido a nan shi ne ollama ps. Yana nuna modal ɗin da ke cikin RAM yanzu, girmansa, ko CPU ke ɗauke da shi ko GPU, wato na'urar hoto, ko an raba musu, da lokacin da za a sauke shi. Ollama na barin modal minti biyar bayan tambayar ƙarshe. In kana buƙatar wurin yanzu, rubuta ollama stop da sunan modal ɗin. Mai katin Nvidia ya duba nvidia-smi, domin katin na da nasa RAM daban, kuma da zarar modal ya fi ƙarfinsa ya malalo zuwa RAM na kwamfuta saurin ya tafi.

Abubuwan da ke kama da ƙarancin RAM

In Available na da yalwa, Hard Faults a kwance, amma kwamfuta na ja da ƙyar, duba wani wurin. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Bauchi ke kusantar digiri 40, CPU na rage gudunsa don kada ya ƙone, musamman in ƙurar hunturu ta toshe fanka ko an ɗora kwamfutar kan katifa. Shiga CPU a Performance ka kwatanta Speed da Base speed: in ana aiki mai nauyi amma Speed ya faɗo ƙasa da Base sosai, zafi ne, a kai ta a hure ƙura. Haka in an ɗauke wuta ta koma kan batir, Windows na iya rage mata ƙarfi don tanadin caji. In kuma komai na tafiya daidai sai amsar mataimaki ce kawai ke jinkiri, sabis ɗin layinka ne.

Gindaya wa mataimakin sharaɗi

Tunda shi ke kunna abubuwa, gaya masa iyakarsa a rubuce. Claude Code na karanta fayil mai suna CLAUDE.md a foldar aiki, Copilot na karanta .github/copilot-instructions.md, Cursor na da nasa a .cursor/rules. Rubuta masa cewa kwamfutar gigabayit 8 ce, kada ya kunna sabar gwaji in akwai wadda ke gudana, ya kashe duk abin da ya kunna in ya gama, ya gudanar da Jest da --maxWorkers=2, Playwright kuma da --workers=1. Ba kullum zai bi ba, shi ya sa awon ba ya tsayawa, amma yana rage ɓarna sosai. Ni na fi son in kunna sabar da kaina a taminal ɗaya, in ce masa tana nan, kada ya taɓa.

Ka kuma buɗe foldar aikin kaɗai, ba Documents ko Desktop gaba ɗaya ba. A Cursor sa node_modules da dist da manyan fayilolin bayanai cikin .cursorignore. A VS Code saitin files.watcherExclude ke hana edita gadin foldodin da ba ka taɓawa. In Node ya mutu da saƙon JavaScript heap out of memory, wannan iyakar Node ce ta kansa, ana ɗaga ta da NODE_OPTIONS=--max-old-space-size=4096, amma duba Available tukuna, domin ba Node izinin gigabayit huɗu a inda babu su swap kawai zai ƙaro.

In awo ya nuna sai an ƙara

Bayan duk wannan, in Committed na zama sama da RAM ɗinka kullum a aikin yau da gobe, to lokacin saye ya yi, kuma lambar ta riga ta gaya maka nawa kake buƙata. Kafin ka nufi shagunan kewayen Wunti, koma shafin Memory ka duba Slots used. In an rubuta 1 of 2 akwai gurbi. In Form factor ya nuna Row of chips, RAM ɗin a like yake da allo, kamar na ThinkPad X1 Carbon. Sai nau'i: EliteBook 840 G1 da G2 DDR3L suke ɗauka, G3 kuma DDR4, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Manhajar CPU-Z kyauta ce, za ta nuna maka nau'in da saurin wanda ke ciki. In faifanka mai juyawa ne kuma kuɗin abu ɗaya kake da shi, ni zan fara da SSD ga mai gigabayit 8, mai 4 kuwa RAM tukuna.

Tafi da kwamfutar shagon, a sa a gabanka. Kunna ta, ka tabbata Task Manager ya nuna sabon jimillar, sannan ka danna Windows da R ka rubuta mdsched, ta sake tashi ta gwada RAM ɗin. Gwajin na ɗaukar mintuna, ka nemi benci ka zauna. Ku yi magana da mai shagon tun kafin ka biya cewa in ta fara nuna shuɗin allo cikin mako za ka dawo da shi a canza, ya rubuta maka hakan a rasit.